Tebura Shida a Shagon Mai Basilla

Shagonmu ya girme ni da shekara ashirin da bakwai. Ya ma girmi kwaltar titin da yake kai, domin lokacin da Kaka ya fara zama a wurin, mota in ta wuce sai an kakkaɓe riga.

Kaka, mahaifin babana, ba ɗan wasa ba ne, bai taɓa sa ƙafa ya taɓa ƙwallo da sunan wasa ba. Gyaran takalmi ya gada. Yana da benci ɗaya da akwatin katako, yana zama a jikin katangar filin wasa saboda nan inuwa ta fi daɗewa. A cikin akwatin akwai wata doguwar basilla da ba ya ba kowa aro, ita ta sa aka riƙa ce masa Mai Basilla har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane.

Wata rana kocin wata ƙungiyar unguwa ya zo masa a guje da ƙwallo a hamata, ta fashe ta yi laƙwas, ga shi saura awa ɗaya a take wasa, ga shi ba su da wata.

"Mai Basilla, za ka iya?"

Kaka ya juya ta, ya ƙara juya ta, ya ce, "Fata ce dai ko? In fata ce, ai mun san juna."

Ya farke ta, ya ciro robar ciki ya kai wa mai facin taya ya liƙe hujin, ya dawo ya ɗinke ta ta ciki, ɗinkin ƙarshe ya ɓoye zaren yadda ba mai gane inda aka taɓa. Koci ya tambayi ladan aiki, Kaka ya ce su je su ci wasa tukuna. An ci su huɗu ba ko ɗaya. Amma ƙwallon ba ta sake fashewa ba, kuma a wajen Kaka wannan shi ne sakamakon wasan.

Kafin wata biyu duk wata ƙwallo da ta fashe a wannan ɓangaren gari ta san hanyar bencinsa. Da ya ga haka sai ya sayo sababbi guda biyu ya rataye a ƙusa a jikin katanga. Suka tafi a mako ɗaya. Ya sayo biyar, ya haɗa da usur da safa. Bayan shekara uku ya kama ɗaki a tsallaken titi, daura da ƙofar filin, kusa da shagon wani tela. Shi ne ɗakin da muke ciki har yau, sai dai ya yi tsawo ya yi faɗi.

'Ya'yan Kaka biyu ne, kuma duk a cikin warin roba da sabuwar fata suka tashi. Babba shi ne Babana, wanda kowa ke ce wa Gola, don ya tsare wa ƙungiyar unguwa gida shekara tara. Ƙanwarsa, Goggona, ita ake ce wa Barewa, don a makaranta ba a taɓa ganin fuskarta a tsere ba sai bayanta. Su biyun ba sa iya yin rabin awa ba su yi musu ba, ba sa kuma iya yin wuni ɗaya ba su ga juna ba.

Goggo ta san ƙafa. Mutum zai shigo bai buɗe baki ba ta kalli ƙasa ta ce, "Arba'in da biyu, amma ta hagu ta fi faɗi, kada ka ɗauki mai tsinin baki." Baba kuwa ya san baki. Mutum zai shigo sayen usur ɗaya, ya fita bayan awa guda da usur da riga da safar hannu da cikakken labarin fenaretin da Baba ya kama a wasan ƙarshe na wata shekara. Ba wanda ya taɓa jin labarin sau ɗaya kawai.

"Fenareti ɗaya a shekara tara," in ji Goggo. "Raga ta fi shi kama ƙwallo."

"Ke da kike gudu ba a kore ki ba, me kika sani?"

Ni na shigo aikin ina da shekara ashirin da uku, bayan na gama karatu. Aka ba ni ɗakin baya, inda injin buga lamba da suna a bayan riga yake. Lokacin Kaka ya riga ya miƙa wa 'ya'yansa makulli, amma kullum yana nan a kan bencinsa a bakin ƙofa, yana amsa gaisuwa, yana ɗinke ƙwallon duk wanda ya kawo. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa ango mai furfura.

Shagon a lokacin dogon ɗaki ne siriri. Takalma a bangon hagu tun daga ƙasa har sama, riguna a na dama, ƙwallaye a cikin raga suna reto daga silin, sai akwatin gilashi a tsakiya mai ɗauke da usur da agogon tsere da kofuna. Hanyar wucewa ba ta fi ta mutum biyu kafaɗa da kafaɗa ba. Na faɗi haka ne don a gane abin da ya same mu a shekarata ta biyu.

Makarantu na shirin komawa hutu, malaman motsa jiki suna ta zuwa neman ragar gola. Tamu ta ƙare. Baba ya ɗauko littafin babban dila, wani ƙato mai hotuna, kowane kaya da lambarsa a rubuce ƙanana kamar ƙafar kiyashi. Watanni uku kafin nan likita ya rubuta masa tabarau, an yanko an kawo, ya jefa shi cikin aljihun tebur ya rufe.

"Yaya, sa gilashinka," in ji Goggo.

"Ni? Ni da nake hango ƙwallo tun daga tsakiyar fili?"

"Ai kana hango ta. Har ta wuce ka kana hango ta."

Baba ya nisantar da littafin iya tsawon hannunsa, ya ƙanƙance ido, ya rubuta lamba a takardar oda, ya rubuta shida a gabanta, ya sa hannu da wani irin ƙarfi don Goggo ta gani.

Bayan kwana goma sha biyu wata babbar mota ta tsaya a ƙofar shago da hantsi. Mutum huɗu suka fara sauke wasu kwalaye masu faɗi, kowane ya fi ƙofar ɗaki tsawo, suna nishi. Baba ya fito yana dariya.

"Bayin Allah, kun yi ɓatan hanya. Raga na aika a kawo mini."

Direban ya zaro takarda ya miƙa masa. Baba ya nisantar da ita. Goggo ta fizge ta karanta da ƙarfi yadda har Tela zai ji: "Teburin ƙwallon tebur, babba, mai naɗewa, guda shida." Ta je ta ɗauko littafin ta buɗe. Lambar raga ta ƙare da uku da takwas. Lambar tebur ta ƙare da takwas da takwas. Abin da Baba ya rubuta da hannunsa, takwas da takwas ne, ɓaro-ɓaro.

Aka buga wa dila waya. Ya ba da haƙuri cikin ladabi, ya ce tebura ba kayan da yake ajiyewa ba ne, musamman ya sa aka kawo saboda mu, ba su da hanyar komawa. Ragar kuwa ya turo washegari.

Sito bai ɗauki ko ɗaya ba. Dole aka jingina su a cikin shago, uku a jikin takalma, uku a jikin riguna. Hanya ta koma ta mutum ɗaya, shi ma a karkace. In za a ciro takalmi sai mutum biyu sun riƙe kwali na uku ya zura hannu. Wani mai shagon kayan gini, mutum mai jiki, ya shigo neman wandon motsa jiki ya maƙale a tsakiya, sai da muka tura shi ta baya yana cewa, "A hankali, a hankali, ai abin da ya kawo ni ke nan."

A unguwarmu kuwa ƙwallon ƙafa aka sani, sai guje-guje. Mako uku ba wanda ya ko tambayi mene ne a cikin kwalayen.

Kwanakin farko Goggo ta sha dariyarta. Da safe sai ta shafa kwali ta ce, "Ina kwananku, ragogin Yaya?" Amma da ta lura Baba ya daina ramawa, ya daina ba da labarin fenareti, abincin rana ma sai ya ture, sai ta daina tsokanarsa. Wata safiya na gan ta ta ɗauko tabarau ɗin daga aljihun tebur ta goge shi da gefen mayafinta, ta ajiye masa a kan kantar shago. Shi kuma ya ɗauka ya sa.

Kaka ne ya warware. Ya kira Baba bakin ƙofa.

"Kai, zo nan. Mutuwa aka yi?"

"A'a, Baba."

"To me ya sa kake tafiya kamar mai zaman makoki? Ranar da na sayo ƙwallo biyu, da a cikin akwati na bar su, da har yanzu takalmi nake ɗinki. Kaya a kwali ba ya kiran mai saye. Ku fito da ɗaya ya sha iska."

A gaban shagonmu da na Tela akwai baranda mai rufin kwano, shimfiɗe da siminti. Nan muka fito da tebur ɗaya ranar Asabar. Haɗa shi ya ci mana rabin wuni. Baba na karanta takardar bayani da sabon tabarau, Goggo na cewa ya juya ta ƙasa a sama, Tela ya bar kekensa ya zo da sukudireba. Sau biyu muna ɗaura ƙafafun a baibai. Da aka gama, aka ɗaura 'yar ragar tsakiya, sai ga abu kore shar da farin layi, kyakkyawa, har masu wucewa suna rage tafiya.

Matsalar ita ce ba wanda ya iya. Baba da Tela suka ɗauki 'yan katakon bugun nan da ake ce wa bat, suka fara. Baba ya riƙe nasa kamar zai kashe sauro. Ƙwallon, 'yar fara mara nauyi, ta shiga kwata sau uku, ta shiga shagon Tela ta ɓace cikin yadi, sau ɗaya ta faɗa cikin kofin shayin Kaka. Duk da haka mutane suka taru suna dariya, kuma a ranar na sake jin Baba ya yi dariya har da riƙe ciki.

A mako na biyu Malamin Motsa Jiki na babbar sakandare ya zo karɓar riguna. Dogo ne, kullum da usur a wuya ko ba a makaranta ba. Yana ganin tebur ya naɗe hannun riga. Shi ya iya, ba laifi. Ya cinye Baba, ya cinye Tela, ya cinye mai kemis da wasu ma'aikatan banki biyu da suka fito cin abinci. Daga nan kullum bayan an tashi makaranta sai ya zo. Ranar Alhamis ya ɗaga bat sama ya ce:

"Duk titin nan, daga wannan kwana zuwa waccan, wanda ya ci maki biyar a hannuna na ba shi usur ɗin nan."

Daidai lokacin Umma ta iso.

Ban ambaci mahaifiyata ba tun ɗazu saboda a tarihin shagon, har zuwa wannan rana, ba ta da layi ko ɗaya. A ɗakin karatu na gari take aiki, cikin littattafai, kuma halin wurin ya bi jikinta: magana ƙasa-ƙasa, tafiya ba ƙara. In ana kallon ƙwallo a gida ita tana gefe da littafi. Shago kuwa sai dai ta biyo in ta tashi aiki, ta gaida Kaka, ta jira Baba su tafi tare.

Ta gaida Kaka, ta tsaya da jakarta a kafaɗa tana kallon yadda Malamin ke wasa da Baba kamar kyanwa da ɓera. Can sai na ji ta ce a hankali:

"Baban Amarya, ba haka ake riƙewa ba. Ka sa ɗan yatsanka a bayan robar."

Baba ya juyo yana haki. "Ke kuma a wane littafin kika karanto?"

Aka yi dariya. Malamin ya ce, "Hajiya, ai bismilla, ga fili ga mai doki."

Na ɗauka za ta yi murmushi ta wuce ciki. Sai ta dubi Kaka. Kaka ya ce, "Je ki mana, 'yata. Ba ya cizo."

Ta miƙa mini jakarta. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta cire takalmanta masu tudu ta ce wa Goggo, "Ba ni kambas."

"Talatin da takwas," in ji Goggo, ta riga ta juya.

Umma ta karɓi bat daga hannun Baba, ta shafa robar da tafin hannu, ta buga ƙwallon a tebur sau biyu tana saurare. Malamin ya ba ta fara bugu, don girmamawa. Ta ɗan durƙusa, ta cilla ƙwallon sama, ta yanke ta da wani irin karkace hannu. Ƙwallon ta tsallake raga, ta sauka a gabansa, ya kai bat, sai ta yi kwana ta bar shi yana dukan iska.

"Ɗaya," in ji Kaka daga benci.

Malamin ya yi dariya ya ce santsi ne. Ta sake. Wannan karon ya taɓa, amma ƙwallon ta tashi sama ta bugi kwano.

"Biyu."

Da aka kai bakwai da ɗaya, Malamin ya cire usur ya ajiye a gefe. Da aka kai goma sha biyu, Tela ya rufe shagonsa, mai kemis ya bar masu sayen magani a tsaye su ma suka biyo shi, masu jiran mota suka bar mota ta wuce. Umma ba ta tsalle, ba ta ihu, ƙafafunta kawai ke ɗan matsawa dama da hagu, amma duk inda ƙwallo ta je tana can tana jiran ta. Sau ɗaya Malamin ya ɗaga mata ƙwallo sama, ta sauke masa ita da wata ƙara da ta sa Goggo ta saki guɗa a tsakiyar titi.

A lokacin ashirin da ɗaya ake kaiwa. An tashi ashirin da ɗaya da shida.

Malamin, Allah ya ba shi lada, mutumin kirki ne. Ya goge gumi, ya ɗauko usur da hannu biyu ya miƙa mata ya ce, "Hajiya, na yi rashin kunya a gaban malamata. A yafe mini."

Baba kuwa yana tsaye baki buɗe, tabarau ya zamo masa har kan hanci.

"Yaushe? A ina?"

"Makarantar kwana," in ji Umma tana kwance mayafi. "Shekara biyar. Sau uku ina ciyo wa makarantarmu kofi. Yana nan a ɗakin Innata a cikin kabad."

"Shekara ashirin da biyar muna tare ba ki taɓa faɗa mini ba!"

"Ka taɓa tambaya ta? Kullum na buɗe baki sai a kama fenareti."

Titi ya ɗauki dariya. Kaka ya yi ta yi har da hawaye, yana dukan benci yana cewa, "Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum!" Baba ya dafe kai, sannan shi ma ya fashe da dariya, ya juya ga jama'a yana nuna ta da hannu: "Kun gan ta? Matata ce fa. A gidana take."

A hanyar gida ranar, ina bayansu a mota, Baba ya yi ta jero tambayoyi kamar saurayin da ya fara zuwa zance. Wa ya koya mata, wa ta doke a wasan ƙarshe, me ya sa ta bari. Ta ce da ta gama makaranta ba ta sake ganin tebur ba, sai abin ya kwanta. Ta ce tun ranar da aka sauke kwalayen hannunta ke ƙaiƙayi, kunya ce ta hana ta. Ban taɓa jin Umma ta yi magana mai tsawon ta ranar ba, kuma ban taɓa jin Baba ya yi shiru mai tsawon haka ba.

Tebur na farko Malamin ne ya sa makarantarsu ta ɗauka, da sharaɗin Umma za ta riƙa zuwa ranar Laraba tana koya wa 'yan mata. Na biyu ma'aikatan asibiti suka saya wa ɗakin hutunsu. Na uku 'yan kwana-kwana, waɗanda suka ce zaman jiran gobara ya ishe su da wasan lido. Wani otal ya ɗauki na huɗu. Na biyar wata mata mai 'ya'ya maza biyar ta saya, ta ce gara su fasa ƙwallo da su fasa mata tagogi. Kafin wata uku hanya ta buɗe a shago, takalma suka sake ganin haske. Na shidan Kaka ya ce ko an zo da mota cike da zinariya ba za a ɗaga shi daga baranda ba.

Sai ga mu muna aika wa dila da kanmu a ƙaro tebura. Ranar cike takardar, Baba ya sa tabarau, Goggo ta karanta lamba, ni na maimaita, Umma ta duba, sannan aka sa hannu. Dila ya bugo waya yana tambaya ko wannan karon da gangan ne.

Asabar da safe baranda ta zama ta mata. Goggo ta sa aka ɗinka labule a shagon Tela, Umma na koyarwa. Ma'aikatan jinya, malaman makaranta, matan aure da suka ce likita ya ce su motsa jiki, har da wata tsohuwa mai sayar da kayan miya da ta zo kallo ta ƙare da bat a hannu. Waɗannan matan su suka fara tambayar takalmin tafiya da dogon wando da riga mai dogon hannu, abin da ba mu taɓa ajiyewa ba. Goggo ta daɗe tana cewa a kawo, Baba na cewa ba mai saye. Yanzu da kansa ya kwashe kaya daga bango ɗaya ya ba ta wurin.

Da yamma kuma Baba ya zama ɗalibin matarsa. Shekara biyu yana shan kashi kafin ya ci wasa ɗaya, kuma har yau Goggo na rantsuwa cewa Umma ce ta bar masa saboda ranar ce ranar haihuwarsa. Kaka ya samu sabon aiki: aka kafa masa allo kusa da benci, yana rubuta maki da alli, ba a kuma ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa. Ya yi shekara tara yana wannan aiki. Ya rasu yana da tamanin da bakwai, bayan gajeriyar jinya, 'ya'yansa biyu na riƙe da hannuwansa. Mutanen da suka zo gaisuwa sun cika titi har ƙofar filin wasa, ciki har da dattawa masu sanda da suka ce shi ya ɗinke musu ƙwallo suna samari. Mun rufe shago kwana bakwai, a na takwas Goggo ta ce in ya ga ƙofa a rufe zai yi faɗa, muka buɗe.

Da Tela ya tsufa ya koma wurin ɗansa, mu ya sayar wa shagonsa. Muka fasa bangon tsakiya. Umma ta yi ritaya daga ɗakin karatu ta dawo shago gaba ɗaya, kuma ita ta kafa dokar da muke bi yanzu: ba a sayar da abin da ba wanda ya taɓa gwadawa a cikinmu. Saboda wannan doka mijina ya koyi iyo yana da shekara arba'in, Goggo ta yi wata guda tana ɗaga ƙarfe, Baba ya sha naushi a hanci daga wani buhun dambe da ya dawo masa ba sallama.

Shekara huɗu ke nan da Baba da Goggo suka miƙa mini makulli. Ba su je ko'ina ba. Suna nan kullum, kujera biyu a bayan kanta, suna gyara mini aikin da ban ɓata ba.

A watan jiya yara suka dame mu da tambayar takalmin taya. Na sa aka kawo ƙafa goma sha biyu. Da aka buɗe kwali Goggo ta fara cire takalminta.

"Ki rufa mana asiri," in ji Umma. "Shekarunki sittin da takwas."

"Ƙafata ba ta san lissafi ba."

"Ƙugunki ya sani. Amarya ce za ta hau."

Haka na tsinci kaina ranar Talata da safe, uwar 'ya'ya uku, da hular kwano a kai da matashi a gwiwa, ina riƙe da kantar takalma da hannu biyu. Faɗuwar farko na tafi da kwalin safa. Ta biyu na zauna daɓas a gaban Baba, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Sannu. Ƙasan na nan lafiya?" Goggo na bina a baya tana ba da umarni kamar ta shekara tana hawa: "Buɗe ƙafa! Durƙusa! Kada ki kalli ƙasa!" Umma ta je ƙarshen shago ta tsaya ta miƙo mini hannu.

Na saki kanta. Na tura ta dama, na tura ta hagu, sai na ji ina tafiya. Na wuce riguna, na wuce akwatin gilashi, na wuce inda bango yake a da, iska na kaɗa mini mayafi, ina ihu ban san ina yi ba, har na faɗa jikin Umma muka yi baya tare muka jingina da tarin katifun motsa jiki.

Ashe wata mata ta shigo da 'yarta tun ɗazu suna tsaye a bakin ƙofa suna kallo. Yarinyar ta ja hannun uwarta ta ce, "Mama, irin na Anti nake so."

Uwar ta dube ni, hula ta karkace, ina haki, ta ce, "Da wuya?"

"Faɗuwa biyu ce kawai," na ce. "Ku zo Asabar da yamma, zan koya mata. Ke ma akwai daidai ƙafarki."

Ta yi dariya ta ce ita dai a'a. Amma da za su fita, ƙafa biyu suka ɗauka, nata da na 'yarta.